Daga Ingila: Yadda ake yanke shawarar cire wa yaro tonsil saboda minshari

Assalamu alaikum 'yan uwa. Iyaye da dama a gida na tambayar yadda asibitocin nan ke yi da yaron da numfashi ke toshe masa cikin barci. Abin da ya fi cancanta a kwaikwaya shi ne tsarin da suke bi kafin wuƙa ta taɓa yaro.

Tonsil tsoka ce guda biyu a gefen maƙogwaro, adinoid kuma nama ne a can bayan hanci. Idan suka kumbura sai hanyar iska ta ƙuntace da zarar yaro ya yi barci. Minshari kaɗai bai isa hujjar tiyata ba. Likita zai tambaya ko numfashin na ɗaukewa har yaron ya zabura, ko yana barci baki buɗe, ga gumi, ga fitsarin kwance, ga rashin nutsuwa a makaranta. Sukan ce iyaye su ɗauki bidiyon yaron yana barci, ƙirji a buɗe. Wannan ko a ƙauye mai waya zai iya.

A nan ba a zuwa wurin likitan kunne, hanci da maƙogwaro kai tsaye, sai likitan unguwa ya tura. Ba a biyan ko sisi na tiyatar a ƙarƙashin NHS, hukumar lafiya ta gwamnati, amma akwai jira: ƙa'ida mako 18 ce, kuma sau da yawa ana wuce ta. A gida mai kuɗi a hannu kan ga likitan da wuri a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ko na Shika a Zariya. Inda asibitocin Ingila suka fi na gida shi ne awo. Sukan ba iyaye ƙaramar na'ura a maƙala wa yaro a yatsa ya kwana da ita, ta nuna sau nawa iskar oksijin ta faɗi. A cikakken gwajin barci, ɗaukewar numfashi sau 1 zuwa 5 a awa matsala ce mai sauƙi, fiye da 10 kuma mai tsanani.

Mai sauƙi sukan jira, a ba shi maganin feshi a hanci na wasu makonni. Suna da dalili. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2013 kan yara 464 'yan shekara 5 zuwa 9 ya nuna bayan wata 7 numfashi ya daidaita a kashi 79 cikin 100 na waɗanda aka yi wa tiyata, da kashi 46 na waɗanda aka bari ana lura da su. Wato kusan rabi sun warware da kansu. Mai tsanani kuwa, ko wanda girmansa ya tsaya, a ganina jinkiri cutarwa ne.

Aikin bai cika wuce minti 45 ba, yaro na cikin barcin allura. Asibitoci da yawa yanzu suna rage tonsil ɗin ne su bar fatar da ke lulluɓe da shi, don zafi da zubar jini sun fi sauƙi, ko da yake jefi-jefi naman kan sake tofowa. Yaron da bai kai shekara 3 ba, mai ƙiba, da mai sikila suna kwana a asibiti. Na sikila ya fi shafarmu: a faɗa wa likita tun ranar farko, domin a shirya ruwa, oksijin, wani lokaci har da ƙarin jini kafin aikin.

Wahalar tana bayan sallama. Zafi kan ƙaru wajen kwana na 5 zuwa 7, har ya harba kunne. A ba da farasitamol da ibufurofen a kan lokaci gwargwadon nauyin yaro, ba sai ya yi kuka ba. Maganin kodin haramun ne ga irin waɗannan yara a nan tun 2013, saboda yana danne numfashi. Asfirin kuma yana jawo zubar jini. Farin da za a gani a maƙogwaro warkewa ce, ba ruɓa ba. Ya ci abinci, ya sha ruwa sosai, ya huta makaranta mako 2. Jini kan ɓalle tsakanin kwana 5 zuwa 10, lokacin da ɓawon ke faɗuwa. Ko kaɗan aka gani, a nufi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne. Don haka wanda ya zo daga nesa ya nemi masauki kusa da asibiti har kwanakin su wuce.

Sai maganar wanzami. Belin da yake yankewa ba shi ne ke toshe numfashin ba, askarsa kuma ba ta isa adinoid. Yaron zai dawo da minsharinsa, ga haɗarin zubar jini da kamuwa da cuta. Don Allah a kai shi likita ya duba, a tambaya kuma ko asibitin na da mai allurar barcin da ya saba da yara da wurin ajiyar jini.