Ƙugin lantarki a fayil 60: Audacity ko iZotope RX?

Ɗan'uwa, ka ce kana da sautin tafsirin azumin bana har fayil 60, kowanne da ƙugi a ƙarƙashin muryar malam, kuma kana neman hanyar share su a tashi ɗaya. Duka manhajojin gyaran sautin biyu, Audacity da iZotope RX, za su iya, amma ba irin ƙugi ɗaya suke magancewa ba.

Wutar lantarki a Najeriya da Nijar tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, wato 50 Hz. Nan ƙugin yake zaune, 'ya'yansa kuma, wato ƙananan ƙugin da ke ninka shi, suna 100 da 150 da 200. A Amurka 60 Hz ne, shi ya sa saitin da ake kwafowa daga bidiyon mutanen can ba ya taɓa namu.

Audacity kyauta ce. A ƙarƙashin Tools za ka haɗa Macro, wato jerin umarnin da za ta bi a kan kowane fayil da kanta: Notch Filter, mai yanke sauti a lamba guda, a kan 50, wani a 100, wani a 150, sannan umarnin fitar da sautin. Ka nuna mata fayilolin, za ta zuba gyararrun a wata jaka mai suna macro-output, na asali suna nan yadda suke. Ka ɗaga lambar Q ta cikin Notch Filter domin yankan ya yi siriri, saboda kaurin muryar namiji yana zagayen 100 zuwa 150 ne, in ka yanka da faɗi har muryar malam za ka rage.

Inda nake jin tsoro shi ne Noise Reduction, wato mai rage hayaniya na Audacity, wanda sai ka fara ɗaukar masa samfurin hayaniyar. A cikin Macro, samfurin hayaniya guda ɗaya da ka ɗauka a ƙarshe shi za ta shafa wa duka 60 ɗin. Daren da aka sauya amsa-kuwwa ko aka kunna fanka, samfurin bai dace ba, sai ka ji karatun kamar daga ƙarƙashin ruwa. Gara a bar ɗan ƙugi da a lalata lafazin aya.

RX kuwa ta kuɗi ce, da dala, kuma tana son kwamfuta mai ƙarfi. De-hum ɗinta, wato sashenta na cire ƙugi, na gano ƙugin da 'ya'yansa da kanta, tana kuma iya bin sa idan yana motsi. Wannan shi ne fifikonta na gaskiya, domin janareta ba ya tsayawa cak a 50. Yana hawa yana sauka gwargwadon nauyin da aka ɗora masa, Notch Filter kuwa inda ka dasa shi nan yake tsayawa.

Ni da zan yi, zan buɗe fayil biyar daga darare daban-daban, in duba Plot Spectrum na Audacity, zanen da ke nuna lambar da ƙugin yake a matsayin tsini, a wurin da malam ya yi shiru. In tsinin yana kan 50 a dukansu, Audacity ta wadatar, kada ka kashe ko sisi. In yana yawo, ka ware dararen janareta daban, ka auna kowanne ka ba shi nasa saitin. Ka fitar da su a WAV tukuna, tsarin da ba ya rage ingancin sauti, sai ka saurara da abin kunne kafin ka mayar da su MP3 na rabawa.