Na je outlet a Amurka, ga yadda na gan shi

Wallahi tun kafin in ga wajen sunan ne ya fara rikita ni. Ranar da na sauka gidan Yaya wayata ta mutu murus, na ce wa ɗansa ina soket, yaro ya tsaya yana kallona, sai babansa ya ce masa outlet ake nufi, ya nuna min bayan kujera. Shi ke nan na riƙe a raina outlet soket ne. Washegari Yaya ya ce in shirya za mu outlet, na ce Yaya soket ɗin ma sai mun hau mota? Na sha dariya ranar ba kaɗan ba.

Ashe kalma ɗaya ce mai fuska da yawa. Out waje ne, let kuma bari, idan aka haɗa ya zama mafita kenan. Tun ƙarni na 13 Turawan Ingila ke amfani da ita, lokacin bakin kogi suke nufi, inda ruwa ke fita. Da lantarki ya zo a ƙarshen ƙarni na 19 sai aka laƙaba wa inda wuta ke fitowa daga bango, Amurkawa suka riƙe wannan, su kuwa 'yan Ingila socket suka fi cewa, wanda daga nan soket ɗinmu ya samo asali. Gidan jarida ko rediyo ma media outlet ne, inda labari ke fita, har mutumin da ke huce haushinsa da ƙwallo ko waƙa za su ce ya samu outlet. Na kasuwa kuma shi ne mafitar kayan kamfani, waɗanda suka yi kwantai ko suka ɗan samu tabo a masana'anta, ana karya kuɗinsu a rabu da su. A shekarun 1970 aka buɗe irin wannan mai tarin shaguna wuri ɗaya a garin Reading na jihar Pennsylvania.

To wanda muka je dai bayan gari yake, sai da muka yi kusan awa ɗaya a mota, kuma yawancinsu haka suke, wanda ba shi da mota ya shiga uku. Wajen fes, shaguna jere kamar ƙaramin gari, fakin kyauta, banɗaki tsaf, ma'aikatan ba sa bin ka a baya suna takura maka. Takalman gudu kam na samu araha ta gaske, samfurin bara ne, launin da mutane ba su so ba, ni ina ruwana da launi.

Amma inda raina ya ɓaci shi ne riguna da jakunkuna. Za ka ga takarda a jiki an rubuta tsohon farashi an soke, an sa sabo ƙasa da rabi, zuciyarka ta ce yau ka yi sa'a, alhali da yawa daga kayan nan ba su taɓa shiga babban shagon kamfanin ba, musamman don outlet aka ɗinka su, yadin ya fi sirara, ɗinkin ba irin wancan ba, zip ɗin ma kana ja kana jin bambanci. Matar Yaya ce ta juya min wata riga ta nuna min cikinta, na ajiye ta ba shiri. Ga harajin saye da ba ya cikin farashin da ke jiki, sai ka je wajen biya a ƙara maka, ni da na ƙirga dalolina daidai sai da Yaya ya cika min. Wasu kayan kuma an rubuta ba a dawo da su, ka karanta rasit ɗinka da kyau.

Taurari uku nake ba su cikin biyar. Takalmi da akwatin tafiya zan koma in saya, riga a'a. Af, wayar ma ta sake mutuwa muna can, na zagaya wajen cin abinci kaf ina neman outlet a cikin outlet, guda ɗaya na gani kuma wani ya riga ni.