Shekara Ɗaya Da Rabi Da Fiyanon Yamaha P-45 A Gidana

Kafin na sayi wannan na'ura, abin da nake kira fiyano shi ne abin da kowa ke kira da wannan suna a garuruwanmu, wato ƙaramin allon nan na lantarki da ake gani a situdiyo da wuraren biki, wanda yake fitar da sautin ganga da sarewa da zarar an danna maɓalli ɗaya. Yawancin irinsu ma na kamfanin Yamaha ne, daga jerin da ake kira PSR, kuma su ne suka haifar da abin da muke kira kiɗan fiyano a waƙoƙin fina-finan Hausa. Da na yanke shawarar koyon fiyano na ainihi tare da 'yata, sai malamin da ke koya mana ya ce lallai mu nemi mai maɓallai 88 masu nauyi, domin yatsun da suka saba da maɓalli mai laushi ba sa iya komai ranar da aka zaunar da su gaban fiyanon katako. Haka na ƙare da Yamaha P-45, kuma yau shekara ɗaya da rabi ke nan yana ɗakin karatuna.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne nauyin maɓallan. Na ɓangaren hagu, inda sauti ke da kauri, sun fi na dama nauyi, kuma nauyin yana raguwa a hankali yayin da hannu ke tafiya dama. An yi haka ne don a kwaikwayi fiyanon katako, inda kowane maɓalli ke ɗaga 'yar guduma ta bugi tsirkiya, gudumomin sauti mai kauri kuwa sun fi girma. A makonnin farko ƙaramin yatsana na hagu ya sha wahala, amma bayan wata uku, da na samu damar taɓa wani tsohon fiyanon katako a wata makaranta, hannuna bai yi baƙunta ba ko kaɗan. A nan ne na yarda cewa kuɗina ba su tafi a banza ba.

Wannan kusanci da fiyanon katako ne ya sa na koma na bi tarihin kamfanin, domin ni dai da babur da janareto na san sunan Yamaha. Ashe asalinsa wani mai gyara ne, Torakusu Yamaha, wanda aka haifa a 1851, ya koyi gyaran agogo da kayan aikin asibiti. A 1887 aka kira shi wata makarantar firamare a garin Hamamatsu na ƙasar Japan domin ya duba wani abin kiɗa ɗan Amurka da ya lalace, irin wanda ake hura wa iska da ƙafa, ana kiransa ogan. Da ya buɗe cikinsa ya gyara, sai ya ga babu abin da zai hana shi ƙera irinsa. Bisa tarihin da kamfanin ke bayarwa, shi da abokin aikinsa sun ɗauki na farkon da suka ƙera a kafaɗa, suka ƙetare duwatsun Hakone har Tokyo, inda masana kiɗa suka saurara suka ce saitin sautinsa bai yi ba. Maimakon ya yi fushi, sai ya zauna ya koyi ilimin saita sauti, sannan ya koma gida ya sake ƙerawa. Wannan ɓangare na labarin ya fi komai burge ni, kuma da shi na fahimci tambarin kamfanin, wanda na daɗe ina gani a tankin babur ban san mene ne ba: ƙarafa uku ne masu baki biyu, irin waɗanda ake bugawa a ji sautinsu idan za a saita abin kiɗa.

A 1897 aka kafa kamfanin da sunan Nippon Gakki, a 1899 mai shi ya tafi Amurka ya ga yadda ake ƙera fiyano, a 1900 suka fitar da fiyanon tsaye na farko, sai babban fiyano na kwance a 1902. Bayan rasuwarsa a 1916, ɗaya daga cikin yaran da ya horar, Koichi Kawai, ya bar kamfanin a 1927 ya kafa nasa a garin na Hamamatsu, kuma har yau Kawai ne babban abokin gasarsu a Japan. Ƙwarewar ma'aikatan Nippon Gakki a aikin katako ce ta kai su ga ƙera farfelar jirgin sama, kuma injinan da suka rage bayan Yaƙin Duniya na Biyu su ne shugaban kamfanin na lokacin, Genichi Kawakami, ya juya zuwa ƙera babur, har aka ware Yamaha Motor a 1955. Sunan Yamaha bai zama sunan uwar kamfanin a hukumance ba sai 1987. A 2008 suka sayi Bösendorfer, tsohon kamfanin fiyano na birnin Biyana a ƙasar Ostiriya wanda aka kafa tun 1828, a 2010 kuma Yulianna Avdeeva ta lashe babbar gasar fiyano ta duniya mai suna Chopin a Waso, babban birnin Poland, da fiyanonsu na CFX, wato almajirin da aka taɓa cewa saitinsa bai yi ba ya zo yana zaune a sahun malamai.

Shi P-45 ƙaramin jika ne a wannan zuriya, kuma ya kamata mai saye ya san abin da aka yi shi dominsa. Sautuka goma kacal gare shi, babu kiɗan rakiya irin na PSR, saboda haka wanda yake neman abin haɗa waƙar biki ya nemi wani samfurin. Sautin fiyanon kansa kuwa mai tsabta ne, yana amsa ƙarfin yatsa, idan ka taɓa a hankali ya yi raɗa, idan ka danna da ƙarfi ya ɗaga murya. Lasifikarsa ta wadatar da ɗaki ɗaya, amma na fi jin daɗinsa da abin sauraro na kunne bayan sallar isha, lokacin da gida ya yi tsit. Nauyinsa kilo 11.5 ne, mutum ɗaya yana iya ɗaukarsa, kuma wuta kaɗan yake ci, har ƙaramar inbatar gidanmu tana riƙe shi idan an ɗauke wuta.

Akwai kuma batun hunturu. Fiyanon katako yana da tsirkiya fiye da 200, kuma busasshiyar iska tana sa katakonsa ya tsuke, saiti ya gudu, mai saitawa kuma sai an yi sa'a ake samunsa a yankinmu. Na lantarki ba ya buƙatar saiti, ƙura kaɗai ce abokiyar gabarsa, don haka na sa tela ya ɗinka masa riga mai kauri, kuma dokar gidan ita ce duk wanda ya tashi daga kansa ya rufe shi. 'Yata ta riga ta wuce ni wajen haɗa hannu biyu, kuma malaminmu ya ce wannan na'ura za ta ishe ta na wasu shekaru kafin a fara maganar wadda ta fi ta.