Allon zane na LCD da ake saya wa yara: abin da na gani a gidana

'Yan uwa iyaye, wannan allon da masu shago ke ce wa "tablet ɗin yara" gaskiya ba tablet ba ne, gara in faɗa tun farko kar wata ta saya ta kai gida yaro ya yi ta neman kartun a ciki ya rasa. Allo ne siriri mara nauyi, baƙar fuska, da alƙalamin roba da madanni guda ɗaya tak na gogewa. Ba ya hawa intanet, ba ya cin data, ba a cajinsa, ko haske ba ya fitarwa. Matsin da alƙalamin ke yi wa fuskar shi ne ke fito da layi, shi ya sa ko da farce ka ja zai fito. Batirin da ke ciki irin mai faɗin nan ne na agogo da rimot ɗin mota, kuma wajen gogewa kawai yake aiki, shi ya sa yake daɗewa sosai. Asalin abin wani kamfani ne a jihar Ohio ta Amurka, Kent Displays, ya fito da shi wajen 2010 da sunan Boogie Board, amma waɗanda suka cika kasuwarmu na Chana ne marasa suna, akwai inci 8.5 akwai 10 akwai 12, kuma kuɗinsu bai kama ƙafar na tablet na gaske ba.

Abin da ya sa na saya shi ne rigimar waya. Da an idar da magariba kowa hannunsa na kan wayata, babbar tana son bidiyo, mai bi mata yana son gem, autan ma da ko magana bai gama iyawa ba ya san yadda ake ja da yatsa, in ka karɓe kuka, in ka bari kuma ƙarfe goma ta yi ido biyu. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2019 ta ba da shawarar cewa yaron da bai kai shekara 2 ba kar a zaunar da shi gaban sikirin, daga shekara 2 zuwa 4 kuma kar ya wuce awa ɗaya a rana, to mu dai tsakani da Allah mun san a gidajenmu ana ninka hakan.

Amma fa allon shi kaɗai ba ya yin komai. In kika miƙa wa yaro kika koma kan wayarki zai yi kwashe-kwashensa na ɗan lokaci ya jefar ya dawo kanki. Abin da ya canja mana dare shi ne zama tare, da irin zanen da muke yi. Akwai wani salo da Turawa ke kira Zentangle, wasu mata da miji ne 'yan Amurka, Rick Roberts da Maria Thomas, suka tsara shi a farkon shekarun 2000, ba a zana mutum ko mota ko gida, layi ɗaya ko ɗigo ko lanƙwasa za ka yi ta maimaitawa a hankali har fili ya cika, kuma a ƙa'idarsu ba a amfani da abin gogewa, in hannu ya goce sai ka mai da gocewar ta zama ado. Da na kalli yadda ake yi a YouTube sai na ga ai mu mun gaji wannan. Mai zanen lalle abin da take yi ke nan, haka mai ɗinkin hula da mai saƙar faifai, ga aska takwas a gaban babbar riga, ga zayyanar da ake yi wa allon sauka, ga adon da ke jikin ƙofar fadar Sarkin Zazzau. Kuma ga mu da ba ma son yara su saba zana abu mai rai, wannan hankali kwance ake yinsa.

To a nan allon ya yi min daidai, saboda ba a goge ɓangare ɗaya a bar ɗaya, ko dai ka danna komai ya tafi ko ka ci gaba. Babbar tawa irin yaran nan ce da in layi ya karkace a littafin makaranta sai ta yage shafin tana hawaye. Ranar da take koyon dagin Arewa layinta ya zarce ya shiga inda bai kamata ba, na ga yatsanta ya nufi madannin sai ta tsaya, ta ɗan karkata kai, ta ja wani layin a ɗaya gefen ya zama su biyu sun yi daidai, ta cike tsakaninsu da ɗige-ɗige tana ƙirgawa ƙasa-ƙasa. Wallahi na ji daɗin wannan fiye da zanen kansa. Mukan yi na karɓa-karɓa kuma, ni in ja layi in miƙa, kowa ya ƙara nasa ba a magana sai an zagayo, har Baban su da ya ce shi bai iya zane ba yanzu shi ke cika kusurwa da 'yan murabba'ai. Ba na cewa magani ne, yaron da ke da damuwa ta gaske likita yake buƙata, amma hayaniyar kafin barci ta ragu kuma a wajen zanen ne nake jin labarin makaranta da in na tambaya kai tsaye sai a ce min "ba komai".

Aibinsa kuma akwai. Tunda ba ya haske, in an ɗauke wuta sai da fitila mai caji a kusa, kuma layin bai kai hasken da ake nunawa a hoton kwali ba. Mai kala-kala ya fi burge yara amma layinsa kauri gare shi, ƙananan ado sai su cakuɗe, mai kore zalla ya fi fitar da siririn layi. Ba ya ajiye komai, in zane ya yi kyau sai dai ki ɗauke shi a waya kafin autan ya kai hannu. Robar ba ta da ƙwari, in aka taka ko aka zauna a kai fuskar na iya yin tabon da ba ya goguwa, alƙalamin kuma ɓata gare shi, ki ɗaure shi da zare in akwai huda.

Wanda ya fi damuna shi ne batirin. Irin wannan in yaro ya haɗiye ya maƙale masa a maƙogwaro yana iya ƙona shi cikin awa 2, asibiti ake rugawa ba a jira. Don Allah ki juya bayan allon tun a shago, in murfin batirin da farce ake ɓalle shi ki ajiye, ki nemi wanda sai da sukundireba ake buɗewa.

Ki sa mai shago ya buɗe kwalin a gabanki, ki ja layi daga kusurwa zuwa kusurwa ki danna ki ga ko ya goge tas. In ya ƙi gogewa duba ɗan makullin da ke baya ko gefe, sau da yawa shi ne a rufe ba lalacewa ya yi ba. Inci 10 ko 12 ya fi in za a yi zanen tare, in kuma da hali a saya wa kowane yaro nasa, ke ma ki haɗa da naki.