Matatar RO don tankin kifi: tana aiki, in ruwanka na zuwa da ƙarfi

Duk mai tankin kifi a Accra ya san farin layin nan da ke fitowa a bakin gilashi, mai kama da kanwa, musamman daga Disamba zuwa Fabrairu da iskar hunturu ke shanye ruwa. Ruwan ne kaɗai ke tashi sama. Kalshiyam da magnesiyam da gishirin da ke cikinsa suna nan zaune. Ka cika da ruwan bohol, ka ƙara musu wani, gobe ma haka. Mu kuwa a Madina ruwan bohol ɗin gidanmu har a harshe ana jin gishirinsa.

Wannan ne ya sa na sayi ƙaramar matatar RO (reverse osmosis, wato matatar da ke cire ma'adanan da suka narke a ruwa) mai bututu uku, da ɗan awon TDS mai siffar biro. Awon ya fi komai burge ni, ga araha. Ka tsoma shi, ya nuna maka yawan abin da ya narke a ruwa. Kafin matatar, lambar tankina hawa kawai take yi kowane mako. Da na koma cika gibin da ruwan RO zalla, sai ta tsaya cik. Matata mai lafiya tana cire sama da kashi 90 cikin 100 na ma'adanan, kuma tawa ba ta gaza ba.

Sai dai akwai abin da mai shago bai faɗa mini ba. Matatar na son ruwa mai zuwa da ƙarfi, aƙalla psi 40 a ma'aunin ƙarfin turin ruwa. Yawancinmu kuwa daga folitanki, wato tankin roba na ajiye ruwa, ruwa ke gangaro mana, ba shi da wannan ƙarfin, sai ka ga tana ɗiga kamar ba ta so. Dole na ƙara ƙaramin famfon tura ruwa, wanda shi ma sai da wuta. Ga ɓarna: kafin ka samu lita ɗaya mai kyau, uku ko huɗu sun fita ta ɗaya bututun. Maman yara ce ta sa masa bokiti, da shi ake goge ɗaki.

Kada a cika tanki gaba ɗaya da ruwan RO. Kifin gofi (guppy, ɗan ƙaramin kifin ado), wanda shi ne ya fi yawa a gidajenmu, ruwa mai ɗan ma'adani yake so. Kuma matatar ba ta ɗauke maka canjin ruwa ba, har yanzu ina kwashe kusan kwata duk mako. Tsohon farin layin ma ba ta taɓa shi ba, farin binega da tsumma ne suka fitar da shi, bayan na rage ruwan na kuma kiyaye kada ya ɗiga wa kifin.

In tankinka ƙarami ne, ka fara da murfi da awon TDS, ka riƙa sayen ruwan RO a galan. Mai babban tanki da ruwan bohol, shi kam kuɗinsa ba zai tafi a banza ba.