Wigmore Hall a Landan: inda ake jin piyano ko da raɗa take yi

A Wigmore Hall, zauren sauraron kiɗa da ke Landan, ba a ƙara wa piyano sauti da lasifika. Makaɗi ɗaya ne ke fitowa, ya zauna gaban piyano ɗaya, kuma duk sanyin da ya taɓa madanni da shi, sautin sai ya isa kujerar ƙarshe. Wannan shi ne abin da ake biyan kuɗi a kansa, kuma a ganina babu wani zaure a Landan da ya kamo ƙafarsa a wannan fanni.

Zauren yana lamba 36 a titin Wigmore, tafiyar 'yan mintoci a ƙasa daga tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Bond Street ko ta Oxford Circus. Kamfanin ƙera piyano na Jamus mai suna Bechstein ne ya gina shi a jikin shagonsa, aka buɗe shi ranar 31 ga Mayu 1901 da sunan Bechstein Hall, kuma shahararren makaɗin piyano Ferruccio Busoni na cikin waɗanda suka yi kiɗa a wannan rana. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, gwamnatin Birtaniya ta ƙwace shi a matsayin dukiyar abokan gaba, aka yi gwanjonsa a 1916, aka sake buɗe shi a 1917 da sunan da yake amsawa yanzu. Wato masu sayar da piyano ne suka gina wurin domin a ji daɗin hajarsu, kuma har yau ginin yana wannan aiki. Kujerunsa kusan 550 ne kawai, alhali Royal Festival Hall, wani babban zauren kiɗa a Landan, yana ɗaukar mutum fiye da 2,500. Ɗakin dogo ne, marar faɗi sosai, rufinsa a lanƙwashe, sannan akwai 'yar ƙubba a saman dandamali wadda ke tattaro sauti ta turo shi wajen masu sauraro. Amon yana ɗan jimawa a iska kafin ya mutu, amma bai kai ga amsa-kuwwar da ke cakuɗa sauti ba.

Inda mutum ya zauna yana canja abin da zai samu, don haka kada a sayi tikiti da ka. Makaɗi yana zama ne a hagun dandamali idan ana kallonsa daga cikin zaure, yana fuskantar dama. Mai son ganin yatsu sai ya nemi ɓangaren hagu, kuma waɗannan kujeru su ne ke fara ƙarewa. Mai son sauti mai cika ya zauna tsakiya ko ya ɗan karkata dama, domin nan ne dogon jikin piyano yake, kuma marfin da aka ɗaga yana wurgo sauti ta can. Daga dama ba a ganin hannu, sai fuskar makaɗi. Layukan gaba na da nasu aibi: dandamalin yana da tudu, sai mutum ya yi ta ɗaga wuya, kuma yana jin bugun ƙananan gudumomin da ke dukan tsirkiya da motsin feda, wato abin da makaɗi ke takawa da ƙafa, fiye da yadda ya kamata. Layukan can baya da ke ƙarƙashin bene kuwa sautinsu yana ɗan dushewa. Babban abin da za a iya kushe zauren da shi shi ne daɓen ƙasa kusan a shimfiɗe yake, ba ya hawa kamar na silima. Idan dogon mutum ya zauna gabanka, ka rasa ganin makaɗi ke nan har a tashi. Gajeren mutum ya fi dacewa da kujerar bakin hanya ko layin farko na bene, inda ake ganin komai kuma sautin ya riga ya gauraya kafin ya iso.

Piyanon gidan ƙirar kamfanin Steinway ce, samfurin D, mai tsawon santimita 274 da madannai 88. Wannan babbar piyano an ƙera ta ne don ta cika zaure mai dubban kujeru, to a ɗaki irin wannan ƙarfinta ya fi ƙarfin wurin idan makaɗi bai san kansa ba. Nan ne ake gane gwani. Fedar dama tana ɗaga abubuwan da ke danne tsirkiyoyi, sai sauti ya ci gaba da ƙara bayan an ɗauke yatsa. Wanda ya saba da manyan zaure, ya zo nan ya riƙe fedar kamar yadda ya saba, sai sautuka su hau kan juna, na ƙasa su haɗiye na sama, a rasa gane bakin zaren waƙar. Haka kuma idan an yi wa piyano duka mai tsanani a kashin farko, wasu tsirkiyoyin sama sukan ɗan saki, shi ya sa a lokacin hutu ake iya ganin mai saita piyano ya fito da makullinsa yana bi ɗaya bayan ɗaya. Wasu manyan makaɗa sukan zo da tasu: Angela Hewitt, wadda a 2016 ta fara kaɗa jerin duk kiɗan madannai da mai tsara kiɗa Bach ya rubuta a nan, an san ta da piyano ƙirar Fazioli, András Schiff kuma yakan yi amfani da ƙirar Bösendorfer.

Saboda haka zaɓen makaɗin da za a je ji, da kuma kiɗan wane ne zai kaɗa, yana da muhimmanci kamar zaɓen kujera. Kowa da gwaninsa, kuma masu zuwa nan sukan yi gardama a kan haka a lokacin hutu, amma cikin masu tsara kiɗa ni dai Schubert nake sawa gaba a wannan zaure. Sonatarsa ta ƙarshe (sonata dogon kiɗa ne mai babi-babi), mai lamba D960, wadda ya rubuta a 1828 'yan makonni kafin rasuwarsa, tana farawa da waƙa mai natsuwa, sai can ƙasa a hannun hagu a ji wani gurnani a hankali kamar cida daga nesa, sannan shiru. A babban zaure wannan gurnani yakan ɓace ko ya zama hayaniya. A nan ana jin sautuka biyun da ake kaɗawa, kuma ana jin shirun da ya biyo baya yana da nauyi. Sonatar ta kan ɗauki minti 40 ko fiye, ya danganta da ko makaɗi ya maimaita sashen farko. Bach ma nan ne gidansa, domin kiɗansa muryoyi biyu, uku ko huɗu ne ke tafiya tare, kowace da hanyarta, kuma sai ɗaki mai tsabtar sauti ne ke barin kunne ya bi kowace. Haydn, Mozart da Debussy duk suna zama daidai. Sonatar Beethoven ta ƙarshe, Opus 111, wadda ke da babi biyu kacal, tana ƙarewa da sauti siririn gaske, kuma wanda ya ji ta a nan zai fahimci dalilin da ya sa ake girmama ta.

Liszt, Rachmaninoff da Prokofiev kuwa sai an yi hattara. Babin ƙarshe na sonata ta 7 ta Prokofiev, ta 1942, duka ne ba ƙaƙƙautawa daga farko har ƙarshe, kuma a layukan gaba yana iya gajiyar da kunne. Mai son irin wannan ya koma tsakiyar zaure ko bene. Ba na cewa a guje su, amma wanda zai je sau ɗaya tak, ya je ranar Schubert ko Bach.

Ga 'yan Najeriya akwai ƙarin dalili. Rebeca Omordia, makaɗiyar piyano wadda mahaifinta ɗan Najeriya ne, mahaifiyarta 'yar Romaniya, ta kafa African Concert Series a 2019, kuma shirin ya samu wurin zama a wannan zaure. Ta hanyarsa ake jin ayyukan su Ayo Bankole da Akin Euba, wanda ya yi fice da ra'ayin a sa piyano ta yi magana kamar ganga. Kunnen da ya tashi da kalangu zai gane abin da ake nufi da wuri.

Lokutan kiɗa a tsare suke. Na dare yawanci ƙarfe 7:30 yake farawa, yana ɗaukar kimanin awa biyu har da hutun minti 20. Na ranar Litinin ƙarfe 1 na rana awa ɗaya ne ba hutu, kuma gidan rediyon BBC Radio 3 yana watsa shi kai tsaye. Na safiyar Lahadi ƙarfe 11:30 ne, kuma bayan an tashi ana ba da kofi ko sherry. Sherry giya ce, don haka wanda ba ya sha ya ce kofi yake so. Ga sabon shiga, na awa ɗaya ya fi, ya fi arha kuma ba ya gundura. 'Yan ƙasa da shekara 35 suna samun tikitin fam 5 a wasu zaɓaɓɓun ranaku, kuma wannan rangwame ne na gaske a gari mai tsada kamar Landan. Matsalar ita ce manyan makaɗa: masu rajistar Friends of Wigmore Hall, wato ƙungiyar masu tallafa wa zauren, ake fara buɗe wa sayen tikiti, sai a tarar kyawawan kujeru sun ƙare kafin a buɗe wa kowa. Idan haka ta faru, a riƙa leƙa shafinsu na intanet, domin ana dawo da tikiti idan rana ta matso.

Akwai ladubban da rashin saninsu ke sa mutum jin kunya. Ba a tafi tsakanin babi da babi. Sonata takan zo da babi uku ko huɗu, kuma takardar shirin tana nuna adadinsu, sai a ƙirga, ko a jira makaɗi ya sauke hannuwansa ya miƙe. Wanda ya makara ba a barinsa ya shiga sai an kai gaɓar da ta dace, kuma idan aiki ɗaya ne dogo, zai iya rasa rabin kiɗan, don haka a iso da minti 20 a hannu. A kashe waya gaba ɗaya, domin ko girgizarta ana ji. Kyan sautin ɗakin bai bar tari a baya ba, shi ma har dandamali yake kaiwa. Mai mura ya ɓare alewarsa tun kafin a fara, ya riƙe hankici a hannu.

Wanda ba ya Ingila ma yana da rabo. Tun watan Yuni 2020, lokacin kullen korona, da makaɗin piyano Stephen Hough ya yi kiɗa a zauren babu kowa a ciki aka watsa wa duniya, gidan ya ci gaba da watsa wasu shirye-shiryensa kyauta a shafinsa da kuma YouTube. Daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba agogon Landan daidai yake da na Najeriya da Nijar, sauran watanni kuma sai a ƙara awa ɗaya, wato kiɗan ƙarfe 7:30 ya zama 8:30 a Kano ko Maraɗi. A saurara da abin sawa a kunne mai kyau, domin lasifikar waya ba ta fitar da sautukan ƙasa, kuma gurnanin nan na Schubert ba zai fito ba sam.