Saƙo daga Utrecht zuwa Nyanya

Yaya, barka da war haka. Ya hidima, ya jikin Umma? Ka ce in ba ka labarin yadda aka tsara garin nan, tunda a ofishinku an dame ku da taron bita kan birnin zamani, ana ta haska muku hotunan kyamarori da fitilun titi masu aiki da kwamfuta.

Satin da na sauka Utrecht, a ƙasar Holan, abin da na fara saya tsohon keke ne, baƙi, mai ƙarar sarƙa. Na ji kunya da farko, don a gida wanda ya je Turai ya hau keke sai a ce tafiyar ba ta karɓe shi ba. Sai na ga shugabar sashenmu, mai digirin digirgir, ta zo aiki a kan nata, da yaro a kujerar baya. Daga ɗakina zuwa wurin aiki minti goma sha biyar ne, a kan jar hanya da aka ware wa keke shi kaɗai. A ƙarƙashin babbar tashar jirgin ƙasa akwai wurin ajiye keke hawa uku, mai cin keke 12,500, an kammala shi a 2019. Kwanan farko kyauta ne, kuma allo yana nuna maka layin da ke da gurbi. Iyakar kwamfutar da na gani a wurin ke nan, sauran duk siminti ne da lissafi.

Duk safiya sai na tuno ka, ka fito bayan sallar asuba, ka tsaya cak a gangaren Kugbo, ga mahaɗar AYA ta shiga Abuja can ana hangowa amma sai rana ta take. Tsarin Abuja na 1979 ya ba mu tituna masu faɗi, sai dai mai mota aka auna. Direba da masinja da malamar makaranta aka bar su su nemi ɗaki a Nyanya da Mararaba da Kubwa. An hana acaɓa a tsakiyar gari tun 2006, jirgin ƙasa na cikin gari da aka farfaɗo da shi a 2024 kuma bai leƙo ɓangarenku ba. Mutanen Utrecht ma sun taɓa yin irin wannan. A shekarun 1970 sun cike wani yanki na tsohuwar mashigar ruwan da ta kewaye garin, suka shimfiɗa babban titi a kai. Daga baya suka fasa titin, ruwa ya koma mazauninsa a 2020. Ina bi ta wurin, da ba a faɗa mini ba da ban yarda mota ta taɓa wucewa ba.

Batun shara kuwa zai ba ka dariya. Kowace ƙaramar robar lemo da gwangwani akwai santi 15 na ajiya a cikin kuɗinta (santi ɗari ne Yuro ɗaya), babbar roba santi 25. Ka kai shago, ka zura a na'ura, ta ba ka takardar kuɗinka. Wato aikin baban bola ne, an sa masa lantarki. Akwai ma masu bin kwandunan shara suna tsince gwangwani, kamar dai namu, illa babu mai korarsu da sanda. Sharar gida a unguwarmu cikin wani rumbu na ƙarƙashin ƙasa ake jefa ta, da kati ake buɗe bakinsa. Ruwan famfo kuwa kai tsaye ake sha, na manta rabona da jiran mai garuwa.

Kada ka ɗauka sadaka ce. Duk shekara takardar harajin shara tana zuwa, ta hukumar ruwa ma tana zuwa, ba a yi maka lamuni. Kuɗin haya ya kusa cinye rabin albashina, a ɗakin da bai kai falonka ba, shi ma sai da na yi wata uku ina nema. Aikin hannu kuma wuta: da tayata ta yi faci, abin da mai gyara ya faɗa ya sa na sayi gam na koya da kaina. Tela ma haka, gara ka jefar da wando. Tumatirinsu jajir, sumul, amma ka yi miya da shi ka ji lami, ko kusa da na Jos bai kai ba.

In abokin nan namu zai taso ƙarshen wata, a haɗo mini kuka da yajin ƙuli. Ban da kilishi, don Allah, ba a shigowa da nama, ƙwacewa za su yi a filin jirgi. A gaida Umma da yara.